Malamin asibiti da ƙarin karatu: amsoshin tambayoyin da kuke ta yi min

Salamu alaikum ƴan'uwa ma'aikatan lafiya, na Tawa da na Yamai da waɗanda ke can cikin daji inda sai an hau tudu ake samun rezo. Duk lokacin da anka fara ƙishin-ƙishin ɗin konkur, wato jarrabawar gasa ta neman tafiya ƙarin karatu, wayata ba ta hutawa, tambayoyin kuma kusan iri guda ne, to na ce bari in tara su wuri ɗaya in amsa gwargwadon abin da na gani a aiki da karatu. Ni anfirmiye ne kamar ku ba ma'aikacin minista ba, saboda haka in sanarwar hukuma ta fito ta saɓa da maganata, ta hukuma za ku bi.

Yaya, ina da difloma ta IDE, wato diflomar anfirmiye ta ƙasa, ina aiki ana biyana. Mi zai sa in koma aji?

Ƙanena zamani ne ya juya. Yaran da ke fitowa yanzu daga makarantun lafiya da lisansi suke fitowa, kai kuma da ka shekara goma kana riƙe da CSI, ƙaramin asibitin nan na ƙauye ko unguwa, kai kaɗai, kai ne mai duba marasa lafiya kai ne mai allurar rigakafi kai ne mai rapor ɗin wata, ranar da anka buɗe wani gurbi a distirik ko wata ƙungiya ta nemi ma'aikaci layin farko da za ka gani a sanarwa shi ne "lisansi ko sama da haka", shikenan an rufe maka ƙofa tun ba a ji ta bakinka ba. A aikin gwamnati kuma takarda ita ke aje mutum a rukuni, A ne ko B ko C, rukunin kuma shi ke yanke albashi da kuɗin ritaya. Wannan kenan.

Na biyu wanda mutane ba su cika faɗa ba, akwai abubuwan da muke yi kullum da hannu ba mu san dalilinsu ba. An ce ka ba da kaza in ka ga kaza, ka bayar, an warke, alhamdu lillahi. Amma ranar da ka zauna aji anka warware maka yadda ƙoda ke tace magani, ko mi ya sa yaro mai tamowa ba a ɗura mishi ruwa ta jijiya yadda ake ma sauran yara, wallahi sai ka ji aikin ya sake maka sabo. In don wannan za ka tafi ba za ka yi nadama ba. In kuma don albashi kaɗai ne to ka ɗauki biro ka lissafa tukuna, shekara nawa ta rage maka kafin ritaya, nawa karatun zai ci, nawa za a ƙara maka a wata.

Wai shi LMD ɗin nan mi ake nufi da shi?

Lisansi, masta, doktora. Lisansi shekara 3 bayan bak, masta shekara 2 a kai, doktora 3. Ana raba shekara gida biyu, kowane zango kiredi 30, wato lisansi kiredi 180, masta 120. Darussa an ɗaure su ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi sai ka samu 10 bisa 20 kafin a ce ka ci shi, wanda ka faɗi ka koma mishi a zama na biyu. Manhajar anfirmiye da ta sajfam (ungozoma) kuma hukumar lafiya ta yammacin Afirka, OOAS, ta daidaita ta tsakanin ƙasashen yankin, shi ya sa in ka duba abin da ake koyarwa a Wagadugu ko Bamako za ka ga kusan irin namu ne.

Abin da ya shafe ka kai mai tsohuwar difloma shi ne a wace shekara za a aje ka. Ba kowa ake maidawa shekarar farko ba, makaranta na duba takardunka ta yanke, to kar ka yarda da maganar baki, a rubuta maka.

A ina ake yin karatun? Dole sai Yamai?

Na gwamnati dai sanannu ne. Akwai makarantar lafiya ta ƙasa, ENSP Damure Zika, a Yamai, akwai ENSP ta Damagaram, akwai kuma ISP a Yamai wadda ma'aikata sunka fi nufa in suna son ƙwarewa a lafiyar al'umma da makamantanta. Sai sashen kimiyyar lafiya na jami'ar Abdu Mumuni can Haro Banda, ƙetaren gadar Kennedy, jami'o'in Maraɗi da Damagaram su ma suna da nasu sashen lafiya. Jami'armu ta Tawa, Jibo Hamani, an fi saninta da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, to wanda hankalinshi ya karkata ga gudanar da asibiti ko harkar kuɗi shina iya leƙawa can ya ga abin da ya dace da shi, amma wannan wata hanya ce daban ba ƙarin karatun jinya ba ne.

Dalilin da ya sa Yamai ke jan mutane ba gini ba ne, wurin sitaj ne, wato inda ake koyon aiki da hannu a asibiti. Babban asibitin ƙasa, asibitin Lamorde da yanzu ake ce ma Amiru Bubakar Jallo, babban asibitin referansi, matarnite Isaka Gazobi, nan ne za ka ga cututtukan da a CSI sai dai ka rubuta takardar turawa ka bi motar da addu'a. Wanda ke son ilimin sa barci wurin fiɗa ko aikin ɗakin masu tsananin ciwo dole ya je inda ake yin abin kullum. Amma kar ku raina CHR ɗin Tawa, babban asibitin jiha, da cibiyar uwa da yaro, wanda ya yi sitaj nan da zuciya ɗaya lokacin damina ya ga zazzaɓin sauro iri-iri da babu littafin da zai nuna mishi.

Manjo, na samu makaranta ta karɓe ni, in biya kawai in fara?

Tsaya. Nan ne mafi yawa ke faɗawa rami, kuma in ba ku ɗauki komi ba cikin rubutun nan ku ɗauki wannan. Ma'aikacin gwamnati takarda biyu yake buƙata, ta makaranta da ta gwamnati. Ta makaranta ita ce diflomar da za a ba ka a ƙarshe. Ta gwamnati ita ce arete da ke cewa an sa ka a matsayin mai sitaj, wato hukuma ta sani, ta yarda ka bar wurin aikinka ka tafi karatun kaza a makaranta kaza na tsawon kaza. Da ita ne albashinka ke ci gaba da zuwa, da ita ce kuma in ka dawo za ka nemi a sake maka rukuni. Kuma ana nemanta ne KAFIN a fara, ba bayan an gama ba.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce konkur na ma'aikata, a fitar da sanarwa, a faɗi fannoni da yawan gurabe da shekarun aikin da ake so mutum ya cika, ka aje dosiye, ka zauna, ka ci. Takardar neman izini kuma ta hannun shugabanni take bi, daga manjo (shugaban anfirmiyoyi) ko shugaban sashenka zuwa likitan distirik, zuwa DRSP, ofishin lafiya na jiha, zuwa ma'aikatar lafiya, sannan ma'aikatar ma'aikata. Kowane tebur ka tabbata an buga maka hatimi an ba ka lambar shiga, ka ɗauki hoton takardar da wayarka kafin ka miƙa ta, don dosiye na da ƙafa, shina ɓacewa.

Ina da abokin aiki da munka yi daji tare, mutum mai ƙwazo ƙwarai, anka maido shi gari sai ya shiga karatun yamma a wata makaranta ba tare da ya nemi komi ba, ya ce ai ba ya barin aiki mi zai kai shi neman izini. Ya saida ƴan bisashenshi, ya yi gardi, wato aikin dare, ya wuce aji ido jajur, ya gama, anka yi walima har da ɗinkin anko. Da ya kai dosiye neman canjin rukuni tambayar farko da anka yi mishi ita ce ina areten ka. Har yau diflomar na cikin leda a ƙasan akwati, ilimin dai shina amfani da shi, marasa lafiya na moriya, amma albashi na nan inda yake.

Wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, ɗan kwantiragi ko mai aiki a kilinik ko ƙungiya, wannan bai ɗaure shi ba, shi dai ya daidaita da mai gidanshi a rubuce. Sai dai tambaya ta gaba ta fi shafarshi.

Makarantun kuɗi sun yi yawa, ta yaya zan gane ta kirki?

Kar allo ya ruɗe ka, kar farar riga da hoton ɗalibai a Facebook su ruɗe ka. Akwai masu kyau cikinsu sosai, akwai kuma waɗanda gidan haya ne da benci. Ka shiga ofishi ka zauna ka tambaya cikin ladabi a nuna maka takardar izinin buɗewa, kuma ka duba ko fannin da kake so da matakin da kake so suna cikin izinin, don makaranta na iya samun izinin ASB, ƙaramin matakin ma'aikacin lafiya, ta buɗe masta da kanta. Ka tambaya ko ɗalibansu na zama jarrabawar bai ɗaya ta ƙasa, wadda ɗaliban lafiya na gwamnati da na kuɗi ke zama tare, nawa sunka kai bara nawa sunka ci. Ka tambaya wane asibiti ke karɓar ɗalibansu sitaj. Sannan ka nemi a nuna maka ɗakin gwaji, in ka tarar da ɗan mutum-mutumi guda ɗaya hannu a karye ƙura ta rufe shi, ka riga ka samu amsa.

Za su ce maka "CAMES ta amince da mu". CAMES hukuma ce ta gaske, ta ƙasashen Afirka mai kula da karatun jami'a, nan Yamai ma anka yanke shawarar kafa ta a 1968, hedikwatarta na Wagadugu, amma difloma-difloma take amincewa da su ba makaranta dungum ba, to ka ce wace difloma ce daga ciki. In mai ofishin ya fara fushi da tambayoyinka ka yi godiya ka tashi.

Mafi sauƙi kuma, ka nemo mutum biyu da sunka gama can shekarun baya ka tambaye su ina suke yanzu.

Ni ASB ce, da birbe na shiga, ba ni da bak. Ƙofa ta rufe min kenan?

Ba ta rufe ba ƙanwata amma ba zan ɓoye miki ba hanyarki ta fi tsawo. Lisansi a tsarin LMD a kan bak anka gina shi. Abu biyu za ki sa ma ido, sanarwar konkur na ma'aikata, ki karanta sharuɗɗan layi-layi ki ga ko matakinki na ciki, da kuma bak ɗin kanta, ana zama a matsayin kandida libir, wato mai zama jarrabawa ba ta hannun wata makaranta ba, mutane da yawa sun yi suna aiki. Bak D ita ta fi dacewa da mu saboda kimiyyar halitta da lissafi. Ki samu wani mushen lise ya riƙa duba ki da yamma, ki nemi tsofaffin tambayoyi, kar ki ji kunyar zama da ɗiyan da kin girme ma. Wadda ta iya karɓar haihuwa da fitilar waya ƙarfe uku na dare ba lissafin tarminal ne zai kada ta ba, lokaci kawai yake so.

Wane fanni zan zaɓa?

Nan zan faɗi ra'ayina ko da wasu ba za su ji daɗi ba. Kowa lafiyar al'umma, kowa epidemiyoloji, kowa nutirisiyon, don mi, don an ga masu aikin ƙungiyoyi da farar mota da kuɗin misiyon. Fannonin nan masu amfani ne ba musu, wanda ya ga shekarar sanƙarau ko kwalara ya san darajar mai bin diddigin annoba, kuma in ka taɓa leƙa CRENI, sashen jinyar yara masu tsananin tamowa, a watan takwas ba sai an gaya maka amfanin masanin abinci ba. Amma kasuwar ta cika, aikin ƙungiya kuma kwantiragi ne, kuɗin aikin ya ƙare kowa ya kama gabanshi.

A ɗaya gefen kuma asibitocin distirik na kukan mai sa barci da mai taimaka ma likitan fiɗa. Mace ta zo daga ƙauye a amalanke naƙuda ta gagara, likita na nan, ɗakin fiɗa na nan, gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce, amma in mai sa barci guda ɗaya ne kuma ya yi tafiya sai a ɗauke ta a kama hanyar Tawa. Haka lafiyar ido, haka lafiyar ƙwaƙwalwa da kowa ke gudu, haka gashin ƙashi da motsa jiki, haka koyarwa, don makarantun nan da sunka cika gari wa zai koyar a cikinsu in ba mu ba. Ni abin da ke ɓata min rai shi ne mun maida ƙarin karatu hanyar tserewa daga gadon mara lafiya, duk wanda ya samu lisansi sai ya nemi ofis da kilima, sai a bar ɗakin kwanan marasa lafiya da ƴan sitaj da masu aikin sa kai. Ba na zargin kowa, gardi na cin mutum, amma ka zaɓi abin da in an tashe ka cikin dare ba za ka yi tsaki ba.

In na yi lisansi zan iya tsallakawa in zama dokta?

A'a. Karatun likita hanyarshi daban, daga shekarar farko ake kamawa, shekara bakwai zuwa sama. Namu kuma na da nashi tsani har masta har doktora a kimiyyar jinya. Ba ƙaramin likita kake son zama ba, babban anfirmiye.

Kuɗi fa? Nawa zan tanada?

Kuɗin makaranta kowace da nata kuma yana canzawa, su za su gaya maka. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne sauran. Hayar ɗaki a Yamai da ake neman watanni gaba, kuɗin taksi ko faba-faba ko man babur tsakanin aji da wurin sitaj, fotokopi da ba ta ƙarewa, kiredin intanet, kwamfuta, sannan gida biyu za ka riƙe don iyali na Tawa ko Madawa ko Keita suna jiran a turo ta Nita ranar da albashi ya sauka. Kuma ka sani wasu ƴan alawus da ke tafiya da kujera, kamar na manjo, da ɗan abin da ake samu lokacin kamfen ɗin rigakafi ko rabon maganin zazzaɓin damina na yara, duk za su tsaya ranar da ka bar wurin. Mutane na lissafi da albashi su manta da wannan.

ANAB ita ke kula da bursu na ɗalibai, amma ma'aikaci mai albashi kar ya ɗora tukunyarshi a kai. Abin da na ga ya fi taimakon mutane shi ne adashi tun shekara guda kafin tafiya, da haɗa ɗaki mutum biyu ko uku. In kana da wa ko ƙane a Abijan, mu Adarawa wa ya rasa, ka gaya mishi tun da wuri ba sai an kore ka daga aji ba. Bashin banki kan albashi kuma a yi hattara, shekarun biya kan fi shekarun karatun tsawo.

Yaya ina da aure da ɗiya uku, maigida bai ƙi ba amma uwar miji na gunaguni. Zai yiwu?

Zai yiwu, na gani da idona, ajinmu mata sun fi mu ƙoƙari nesa ba kusa ba. Amma kar ki tafi kan "Allah ya kai mu" kawai, a zauna a yanke wa zai riƙe yara, na goye zai bi ki ko a'a, in zai bi ki wace yarinya ko ƙanwa za ta zo ta riƙe miki shi lokacin sitaj don ba a shiga ɗakin fiɗa da goyo. Ita kuma inna kar ki yi jayayya da ita, ki je da kanki ki durƙusa ki gaya mata, ki sa maigida ya yi magana da bakinshi, in akwai wata babba a dangi da take jin maganarta a bi ta nan. Sau da yawa ba karatun take ƙi ba, ji take an yanke magana ba da ita ba.

Tsakanin Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ba tafiyar kowane ƙarshen mako ba ce, ki sa a ranki sai hutu da salla. Ciki kuma in ya zo tsakiyar karatu ki sanar da makaranta da wuri a gyara miki lokacin sitaj, ɓoyewa ce ke sa a rasa shekara.

Na daɗe da barin aji, faransancina ya yi tsatsa, kwamfuta kuma ban iya ba.

Kai da mutane da yawa. Ko da yake tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, darasi da jarrabawa da memuwar, littafin binciken ƙarshen karatu, duk da faransanci ake yin su, to sai an koma an goge shi. Ka fara da karanta littattafan aikin da ke cikin kabad ɗin CSI ɗinka waɗanda anka raba wurin horo ba wanda ya buɗe, shafi biyu kullum da ƙarfi, ka rubuta taƙaitawa da hannunka.

Kwamfuta kuwa in kana shigar da rapor a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, ai ka riga ka fara. Word, Excel, PowerPoint, su ke nan, ka koye su kafin ka tafi ba can ba. A aji za ka tarar da yara ƴan shekara 19 yatsunsu na gudu kan kwamfuta kai kana neman harafi ɗaya-ɗaya, malamin ma wataƙila ka girme shi, wataƙila ma ya taɓa yin sitaj a hannunka. Ka haɗiye girman kai. Ranar da anka shiga asibiti anka kawo yaro gudawa ta tsotse shi jijiya ta ɓace, su ne za su ja baya su ce tonton zo ka gani, daga nan ciniki ya faɗa, kai ka koya musu hannu su su koya maka na'ura. Abu guda dai, kar ka riƙa katse malami da "mu a daji ba haka muke yi ba", ka bari a gama ka same shi a gefe.

Memuwar ɗin nan da kowa ke tsoro fa?

Tsoronta ya fi ta girma. Bincike ne ƙarami, ka zaɓi matsala, ka rubuta yadda za ka bincika, malamin da ke duba ka ya yarda, ka tattara bayanai, ka lissafa, ka rubuta, ka tsaya gaban alƙalai ka kare. Ku da kunka yi aiki kun fi kowa sa'a don matsalolin na hannunku. Ka tuna rajistan awon ciki na CSI ɗinka, wanda bangonshi ya yage anka ɗaure da filasta, shafin zuwa na farko cike har gefe, na huɗu kuwa layi uku sai fari fat. Mi ya hana matan dawowa, nisa ne, aikin gona ne, maigida ne, ko yadda muke musu magana ne? To ga memuwar nan. Ko yaran da ke ɓacewa tsakanin allurar farko da ta ƙyanda, ko masu tarin fuka da ke barin magani in sun ji sauƙi.

Ka nemi izinin bincike a rubuce daga hukumar wurin, kar ka sa sunan mara lafiya ko ɗaya a takarda. Ka koyi KoboCollect don tattarawa da Epi Info don lissafi, kyauta ne dukansu. Ka aje aikinka wuri uku, kwamfuta da kile da imel, don watan huɗu da na biyar a Yamai zafi na haura 40 wuta na zuwa tana tafiya, na'ura na iya mutuwa da aikin shekara a cikinta. Kuma don Allah kar ka sayi memuwar a bakin jami'a ko ka kwafo ta wani ka canza sunan gari, alƙalan nan tambaya biyu za su yi maka su gane, kunyar kuma gaban matarka da surukanka da ka gayyato za a yi ta.

Sakkwato ta fi min kusa da Yamai, in je Najeriya mana? Ko in yi ta intanet?

Ga ɗan Ƙonni gaskiya ne, ka ƙetara Illela ka kama hanya. Can digirin jinya BNSc ake ce mishi, shekara 5 ne ga mai farawa daga tushe, masu rajistar jinya kuma ana ɗaukarsu kai tsaye a rage musu, jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na yi, ABU Zariya da Bayero ta Kano na yi. Amma da Ingilishi ake karatun, Hausar da za ka ji a kasuwa ba za ta rubuta maka jarrabawa ba, kuma hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya sai ta tantance takardunka kafin a ɗauke ka a matsayin mai rajista. In ka dawo ma sai ka nemi daidaita diflomar nan gida, OBEECS ke wannan aikin.

A ɓangaren faransanci akwai IOTA a Bamako ga masu son ido, CESAG a Dakar ga gudanar da harkar lafiya, IRSP a Wida ta Benin ga lafiyar al'umma, jami'ar Senghor a Iskandariya ta Masar ga masta. Karatun nesa kuma akwai masu yi da makarantun Wagadugu irin IFRISSE. Shina da daɗi don ba ka bar iyali ba, amma shina son rezo mai ƙarfi da mutum mai iya tsare kanshi, kuma fannin hannu ba a koyonshi ta waya, ba wanda ya taɓa iya sa bututun numfashi ta Zoom. Dokar dai ba ta canza ba, ko ina za ka ka fara tambaya a rubuce ko za a lissafa maka takardar in ka dawo.

In na gama, shikenan albashi ya hau?

Ina fa. Sai ka koma ka sanar ka dawo aiki, ka haɗa dosiyen canjin rukuni, diflomar da anka tabbatar, areten sitaj, takardar komawa aiki, ka aje, sannan ka bi sawu. Shina ɗaukar lokaci, wani lokacin mai tsawo, a nan ne wakilin sandika ke da rana, ƴan SUSAS, sandikan ma'aikatan lafiya, sun san teburin da takarda ke kwana. Kuma kar ka ɗauka lisansi ta ba ka Yamai, gwamnati ta biya ka albashi kana aji, inda take da buƙata za ta tura ka, ko Abalak ko Cintabaradan ko Buza. Mai sa barci musamman ya shirya ma wannan tun ranar da ya zaɓi fannin.

To wane takardu zan fara tarawa tun yanzu?

Takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, diflomominka duka tun daga birbe, takardun maki na kowace shekara, areten ɗaukarka aiki da na tabbatarwa, takardar shaidar kana bakin aiki daga shugabanka, hotuna, da tambur na takardar nema da za ka rubuta da hannu. Kowace ka yi kwafi da yawa ka kai meri ko kwamisariya a buga hatimi, na asali kuma kar su bar hannunka. Takardun maki su ke ba da wahala ga waɗanda sunka gama da daɗewa, sai an koma tsohuwar makaranta an tono, to wannan ka fara da ita yau. Ka duba kuma sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a ko'ina, Mahamadu a nan Mamman a can ya isa a maido maka dosiye, gyaran kuma sai kotu. Kaziye judisiyer, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, da takardar likita su kar ka yi gaggawarsu, kaziye wata 3 kawai take aiki, ka bari sai sanarwa ta fito sannan ka nema, in kuma a wani gari anka haife ka ka sa wani ɗan'uwa can ya kasance a shirye ya karɓo maka ya sako a mota.